Rabin Lauya da Bangon Mai Fenti

Rabin Lauya bai taɓa shiga makarantar lauyoyi ba, ko da don ya fake wa ruwan sama. Abin da ya yi shi ne gadin babura a bakin wata kotu shekarun baya, kuma aka yi sa'a tagar ɗakin shari'ar tana daidai saman bencinsa. Ta nan ya kwaso abin da ya kwaso. Daga baya ya bar gadin ya buɗe rumfar gyaran fanka da dutsen guga, amma bakinsa bai bar kotun ba. In ka kawo masa fanka, sai ya ce an ɗage sauraron ƙararta zuwa jibi. Mutanen layi suka laƙaba masa Rabin Lauya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Abin da kawai yake ɗan sosa masa rai shi ne kalmar rabin.

Aƙidarsa guda ce a duniya, wai aiki duk aiki ne. Wanda ya iya gyaran fanka ya iya gyaran firji, tunda duka waya ce a ciki. Firjin mai askin layin da ya taɓa sa wa hannu, har yau in ka sa ruwa a ciki da safe, kafin azahar ya isa haɗa shayi.

Yana da ƙanwa guda, Auta, tela ce. Da keken ɗinkin nan take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Shagonta a jikin gidanta yake, ƙofarsa tana buɗewa cikin wani ɗan lungu da ya raba gidan da kantin maƙwabcinta, Mai Fenti. To, Auta ta yi 'yar tafiya jinyar surukarta, ko da ta dawo sai ta tarar da sabon bangon bulo a tsaye ƙiƙam a gaban ƙofar shagon, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Mai Fenti ya ce lungun nasa ne, sito zai yi a wurin.

Ƙofa dai ta rufu. Mai kawo ɗinki sai ta bi ta babbar ƙofar gida, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanya, ta tsallake baho, ta wuce kicin, sannan ta iso. Waɗanda ba su da wannan haƙurin ta tagar titi suke miƙo yadi, har an ga Auta tana gwada hannun rigar wata mata ta tsakanin ƙarafunan taga. Sauran kuwa suka fara kai ɗinkinsu wani wuri, kuma abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don ba ta da wata hanyar ci sai wannan.

Ta sami yayanta a rumfarsa ta ce, "Yaya, an ce mini akwai wata lauya a saman kemis, aikinta ke nan, rigimar fili da iyaka. Ka raka ni."

Rabin Lauya ya ajiye sukudireba a hankali. Ya daɗe yana jiran rana irin wannan.

"Auta, ki kwantar da hankalinki. Wannan magana ta zo gida. Ni da kike gani, babu lauyan da ban riƙe wa babur ba."

Ofishin saman kemis ɗan ƙarami ne, taswirori a nannaɗe sun cika kusurwa. Lauyar kuwa mace ce siririya mai tabarau, maganarta a hankali. Ta ba su kujera ta dubi Auta.

"Takardar filin tana hannunki?"

"Tana gida, ranki ya daɗe."

Kafin a ƙara wata tambaya Rabin Lauya ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, kafin mu yi nisa. Mutum nawa kika taɓa fiddawa daga bakin rataya?"

"Ko ɗaya."

"'Yan fashi fa?"

"Ban taɓa tsaya wa ɗan fashi ba. Ni aikina filaye da gidaje da iyakoki. Manyan laifuka masu yinsu daban."

"Kina da murya?"

"Wadda kake ji."

Ya miƙe ya gyara hula. "Auta, tashi mu je."

A kan matakala Auta ta ce, "Yaya, ai tambayar da ta dace ta yi mini."

"Ke ba ki san kotu ba. Lauya duk lauya ne, littafi ɗaya suka karanta. Bambancin kawai murya da girman mota. Wannan ko alƙali ya yi tari ba za a ji ta ba. Ki koma kan kekenki, ni zan nemo miki wanda in ya buɗe baki bangon da kansa zai matsa."

Suna isa layi sai ga Mai Fenti a ƙofar kantinsa yana jera gwangwanaye. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son hayaniya, ko da yake bango yana iya ginawa a gaban ƙofar mutane ba tare da ya yi sallama ba. Rabin Lauya ya tsaya a tsakiyar titi yadda mai aski da masu jiran aski za su ji.

"Malam, ka nemi lauya. Shawara ce kyauta. In ba ka san kowa ba, akwai wata mai sayar da taswira a saman kemis, ita ce daidai kai."

Mai Fenti ya ce, "Saman kemis ka ce?"

"Hawa na farko, hannun hagu."

"To, na gode."

Washegari Rabin Lauya ya rufe rumfa, ya saka tsohuwar kwat ɗin da yake ajiye don manyan ranaku, ya nufi dogon benen da ofisoshin lauyoyi suka cika. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ya zagaya wurin ajiye motoci tukuna, ya zaɓi manyan, sannan ya tambayi mai gadi masu su.

Mai mota ta farko dattijo ne mai fara'a, akwai kwalin hankici a kan teburinsa. Ya saurari labarin ƙanwa da maƙwabci yana gyaɗa kai.

"Tun yaushe suka yi aure?"

"Su wa?"

"Ƙanwarka da mai fentin."

"Allah ya kiyaye. Bango ne ya haɗa su."

"Gado ne ake rabawa? Ko riƙon yara?"

"Babu ko ɗaya."

"To ba fannina ba ne. Ni aure da saki da gado nake yi. Akwai wata a saman kemis, ita ce gwanar wannan."

Mai mota ta biyu matashi ne mai sauri, hoton ƙashin bayan mutum manne a bangonsa. Shi tambaya guda ya yi.

"Bangon ya faɗo wa wani?"

"Tukuna."

"In ya faɗo, a zo da hoton raunin da takardar asibiti. Yanzu dai ba fannina ba ne. Ka san saman kemis?"

Na uku harajin kamfanoni yake yi, bai ma bari ya zauna ba. Ta huɗu mace ce mai shari'ar ma'aikatan da aka kora, ta tambaya ko Mai Fenti ne ya ɗauki Auta aiki, da aka ce a'a, ita ma ta ambaci kemis. Rabin Lauya ya fito yana girgiza kai. A ganinsa ya gano bakin zaren, duk sun haɗa baki da matar nan ne, wataƙila 'yar uwarsu ce.

Sai a hawa na ƙarshe ya iske wanda yake nema tun farko. Aradu ake ce masa, saboda muryarsa. Shi ne lauyan da a zamanin gadin babura in ya fara magana sai gilasan taga su ɗauki rawa. Ƙato ne, kujerarsa ma ƙatuwa. Rabin Lauya ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba? Ni ne nake riƙe maka babur."

"Ban taɓa hawa babur ba. Wa aka kama?"

"Ba a kama kowa ba."

"Wa aka kashe?"

"Babu."

"Me aka sace?"

"Lungu, ranka ya daɗe."

Aradu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Bawan Allah, in haƙorinka yana ciwo, wurin likitan ido kake zuwa?"

"In shi ne babba a asibitin, e."

Aradu ya ce, "Ni rabona da dokar fili tun ina ɗalibi. In na karɓi wannan shari'a, na cuci ƙanwarka. Aikina yana farawa ne in 'yan sanda sun riƙe mutum. Ku je wurin mai filaye. Ranar da aka kama wani, ka dawo."

Duk cikin wannan bayanin, jimlar ƙarshe kaɗai ce ta shiga kunnen Rabin Lauya. Ya sauko daga benen yana murmushi. Ashe babban mutum ya karɓi shari'ar, sharaɗi kawai ya gindaya.

Da yamma ya leƙa ta tagar Auta ya ce, "An gama. Aradu ne zai tsaya miki. Saura ɗan abu kaɗan."

"Wane abu?"

"Sai an kama wani."

Auta ta tsayar da keke. "Yaya, don girman Allah ka bar ni in koma saman kemis."

"Ki koma ina? Bayan na kai magana hawa na ƙarshe?"

Da farko ya yi niyyar Mai Fenti za a kama. Ya je caji ofis ya kai ƙarar satar lungu. Sajan ya tambaye shi ko ɓarawon ya gudu da lungun, ya ce a'a, yana nan inda yake. Sajan ya ce to maganar iyaka ce, kotun fili za a je, ba fanninsu ba ne. Rabin Lauya ya ce har ku?

Sai ya canza dabara. In Mai Fenti ya mare shi a gaban shaidu, shi ke nan, an sami laifi. Ya je ƙofar kanti ya tsaya tun hantsi yana aibata fentin mutumin, wai ruwa ne da alli, wai farinsa ma ba fari ba ne. Mai Fenti ya fito da kujera ya ajiye masa a inuwa, ya ce rana ta yi zafi. Rabin Lauya ya matso da kumatunsa har kusa da hannun mutumin. Mai Fenti ya duba ya ce akwai ɗan ƙurji a wurin, ya kamata a nuna wa likitan fata.

A kan kujerar nan ta abokin gaba tunanin ya zo masa. Aradu bai ce Mai Fenti ba. Cewa ya yi wani. Kuma shi ma ai wani ne.

Da safe ya aro babbar guduma wurin wani mai fasa dutse. Bai yi abin a ɓoye ba, don ya san kotu tana son shaidu. Ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya yana gayyata, har mai aski ya fito da wani mutum da aka aske wa rabin kai, tawul a wuya. Layi ya cika. Auta ta riƙe ƙarafunan taga tana cewa, "Yaya, ka ajiye. Na roƙe ka ka ajiye."

"Jama'a, ku duba da kyau, ku riƙe lokaci," in ji shi. "Za a tambaye ku."

Dukan farko bai sami bango ba, bututun ruwan gidan Auta ya samu. Ruwa ya yi tsiri sama ya sauko kan shaidu. A duka na biyu kan gudumar ya fice daga ƙotarsa, ya bi ta ƙofar kanti ya sami kantar da Mai Fenti ya jera manyan bokitai. Kantar ta yi ɗan tunani, sannan ta durƙusa. Shuɗi da ja da ruwan ɗorawa suka biyo juna zuwa titi, suka haɗu da ruwan bututu, suka nufi rumfar mai aski.

Da wani ne, da ya tsaya a nan. Rabin Lauya ya mayar da kan guduma, ya ɗaure da wayar fanka, ya ci gaba. Bangon sabo ne, simintin bai gama kamawa ba, don haka bai yi gardama sosai ba. Ya tafi gaba ɗaya, bulo guda ya gangara ya sauka kan babban yatsan ƙafar mai aski. Mai aski bai yi ihu ba. Zama ya yi a cikin fenti ya riƙe ƙafar, ya ce a hankali, "Da firjina, yanzu ƙafata."

Rabin Lauya ya taka santsi zai ba shi haƙuri, ƙafafunsa suka tafi gaba suka bar shi. Ko da ya tashi, kwat ɗin manyan ranaku ta koma shuɗiya daga wuya har gwiwa. Haka 'yan sanda suka same shi, a tsaye a kan ɓaraguzai, ya miƙa hannaye biyu tun kafin su sauko daga mota.

"Ku kira Aradu," ya ce. "Ku ce masa sharaɗi ya cika."

Ƙofar shagon Auta ta buɗu a ranar, karon farko tun dawowarta. Ba wanda ya shiga, don sai an bi ta cikin fenti.

Aradu ya zo caji ofis, ya dubi shuɗin mutumin da ke bayan kanta, ya ce, "To, yanzu fannina ne." Ya karɓi belinsa.

Ranar shari'a rabin layi ya zo kallo. Mai aski ya zo da sanda, tare da matashin lauyan nan mai hoton ƙashin baya, wanda ya gaida Rabin Lauya da fara'a ya ce ashe bangon ya faɗo. A benci na biyu Mai Fenti ne zaune, kusa da shi kuma siririyar mace mai tabarau, taswira a nannaɗe a cinyarta.

Aradu ya miƙe, kuma wallahi muryar tana nan yadda aka san ta. Gilasai suka yi rawa. Ya ce wanda yake karewa ba mugu ba ne, bai taɓa laifi ba, ƙaunar 'yar uwa ce ta yi masa yawa, tunani kuma ya yi masa kaɗan. Ya ce duk wanda ya gayyaci shaidu da kansa kafin ya yi ɓarna, tausayi ya fi cancanta da shi. Rabin Lauya yana ta gyaɗa kai yana waigen jama'a, don bai taɓa jin an yi dogon bayani a kansa haka ba. Da ya ga an kusa gamawa sai ya ja rigar lauyan.

"Ranka ya daɗe, ƙofar Auta. Ka shigo da maganar lungu."

Aradu ya sunkuyo. Raɗarsa ma har bayan ɗaki ana ji. "Wannan kotun ba ta lungu ba ce, ni ma ba na lungu ba ne. Sakar mini riga."

Alƙali ya ce ba zai kai Rabin Lauya gidan yari ba. Amma sai ya gyara ɓarnar kanti, ya ɗauki nauyin ƙafar mai aski. Batun ko lungun na wane ne, wannan sai kotun fili. Kafin nan, a mayar da bango yadda yake, a inda yake, kuma wanda ya rushe shi ne zai tayar.

A bakin kotu Rabin Lauya ya tsaya a daidai inda bencinsa yake a da, yana karɓar gaisuwa. "Kun ji murya? Na gaya muku. Ko kwana ɗaya ban yi ba."

Sai ga Mai Fenti ya ratso, ya tsaya gaban Auta, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Maƙwabciya, gara ki sani. Lauyar da yayanki ya tura ni wurinta ta kawo mai awo, ta duba taswira, ta ce mini da alama na shiga haƙƙinki, in janye bangon tun kafin a kai ni ƙara. Har na yi magana da magina. Washegarin ranar da ya zo da guduma za su zo su cire."

Auta ta ce, "To yanzu fa?"

"Yanzu fentina ya bi kwata. Sai abin da kotun fili ta ce, ko da shekara za a yi."

Auta ta juya wurin mai tabarau, idonta ya cika da ƙwalla. "Ranki ya daɗe, ki tsaya mini."

"Ba zan iya ba, 'yar uwa. Shi na riga na tsaya wa, ba a riƙe ɓangare biyu. Akwai wani abokin aikina a bayan gidan waya, shi ma filaye yake yi. Ki je masa da takardarki." Ta ɗan dubi mai kwat. "Ke kaɗai."

Auta ta je, ita kaɗai. Mutumin ya karɓi shari'ar, ya ce akwai kyakkyawan fata, sai dai layin kotun fili dogo ne, a yi haƙuri.

Ranar ginin, Rabin Lauya ya ƙi a kira magini, tunda alƙali shi ya ambata, kuma gini ai jera bulo ne. Auta ta buɗe ƙofar shagon ta jawo keke bakin ƙofa don ta mori hasken da ya rage. Tana ɗinki, yayanta yana kwaɓa siminti a gabanta. Layin farko ya rufe mata ƙafafun masu wucewa. Kafin la'asar bango ya kai ƙirjinta, shagon ya fara duhu, ta tashi ta kunna fitila.

Shi kuwa bakinsa bai huta ba. Mai aski ya ɗingiso ya zauna da sandarsa, 'yan kallo suka taru, Rabin Lauya yana tsaye kan benci da cokalin gini a hannu yana ba su karatu.

"Abin da mutane ba su gane ba, kowane lauya da fanninsa. Akwai na aure, akwai na rauni, akwai na haraji, akwai na laifi, akwai na fili. In ka kai wa wannan aikin wancan, ka cuci kanka. Ni na daɗe ina faɗa, ba a ji."

Mai aski ya ce, "Haka ne. Har da na firji."

Rabin Lauya ya yi kamar bai ji ba, ya ɗora wani bulo. Yanzu ɗankwalin Auta kaɗai ake hangowa. Daga bayan bangon muryarta ta fito, a gajiye.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"Bangon nan ya karkato. Kan ƙofata yake shirin faɗowa."

Rabin Lauya ya sauko daga benci, ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya ya auna. Bangon ya yi ciki kamar tulu, samansa ya jingina da ƙofar shagon. Sannan ya goge hannu a jikin kwat ɗin da har yanzu shuɗinta bai fita ba.

"To, Auta," ya ce, "wannan kuma ba fannina ba ne."